Dangwalen Inna

Na gaji da jin labarin nan a karkace a bakinku, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi da hannuna tun idona yana gani. Duk taron suna, duk ranar Salla, da an ci an ƙoshi sai wani a cikinku ya ɗauko shi: wai shekarar da Umma ta dawo daga Makka mun cika mata ɗaki da sababbin kaya, ko sannu ba ta ce ba, ta bazama gari a adaidaita tana cigiyar wani ruɓaɓɓen kabad, da ta same shi kuma ta juyo ta baro shi. Sai a kwashe da dariya, har da jikokin da ba a ma haife su ba a lokacin. Nura har tafiyata yake kwaikwaya, da jakata a hammata. To, ban ce ƙarya kuka yi ba, an yi haka. Amma kabad ɗin ba ruɓaɓɓe ba ne, wannan ɗaya ke nan, kuma ni ba katako na fita nema ba.

Wani kafinta ne a Jahun ya ƙera shi lokacin aurena. Ƙofa biyu gare shi, ta hagun ba ta rufuwa sai an ninke takarda an soka mata. Da aka maido ni koyarwa Dutse muka kama gida a Takur, a bayan akori-kura ya zo, ƙafarsa ɗaya ta tsage a hanya, aka tallafe ta da guntun bulo. Haka ya zauna har shekarar da muka ɗauko kakarku Inna daga ƙauye, da ciwon ƙafa ya hana ta tsugunno gaban murhu. Manyan cikinku sun san ta, amma na tabbata babu mai iya kawo fuskarta yanzu, don Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a biki ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta juya baya. Cewa take Wanda ya yi fuskar ya san ta, me za a kai wa takarda? Saboda haka ku riƙe wannan tun yanzu: ba ni da hotonta, ba ni da muryarta a kaset, tufafinta kuwa an rabar da su sadaka kamar yadda ake yi.

Zaman Dutse bai karɓi Inna ba, kuma ku ne sila, ku yi haƙuri in faɗa. Sai ta ce a ɗaga mata tsaiwa iska ta shigo, ku tsaya kuna kallon juna, alhali labulen ƙofa take nufi. Ta ce a kai wa akuya ƙasari, ruwan nan da ake wanke surfe da shi, ku ruga bayan ɗaki kuna ƙyalƙyala dariya kuna maimaitawa. Tun tana dariyar tare da ku har ta daina. Matar da a ƙauye ba a gama sallama da ita sai rana ta karkata, ta koma daga "to" sai "a'a". Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Ni kuma a lokacin Hausa nake koyarwa a firamare, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wata rana bayan la'asar tana kwance a tabarma a ɗakina ina ninke kaya, sai na ji tana gunaguni wai garin injin nan ko kusa bai kai na ribiɗi ba. Na tsaya da zane a hannu. Rabon da in ji kalmar tun ina 'yar budurwa a gindin turmi, dakan ƙarshe ke nan da ake yi wa tsaki har ya zama gari. Na maimaita ta a bakina, ribiɗi, ribiɗi, wallahi daɗi na ji kamar na tauna tumu.

"Inna, sake faɗa," na ce.

"Ke ma dariyar za ki yi?"

"Rubutawa zan yi."

"To rubuta. Ke da kike malama, me kike koya wa 'ya'yan mutane in ba ki san ribiɗi ba?"

Ranar har magariba tana magana. Na samo littafi na fara zubawa, ba a yi sati biyu ba na tarar an yage rabinsa an kunna risho da shi. Na sake wani, shi kuma aka yi jirgin takarda da shi a kan katanga, kuma har yau wanda ya yi bai amsa laifinsa ba, ko da yake na san shi, shi ne mai kwaikwayon tafiyata. Da takaici ya ishe ni na buɗe ƙofar kabad ta hagu, na ɗauki biro na fara rubutu a cikinta, na ce in akwai mai iya yage katako a gidan nan bismilla. Kullum bayan la'asar Inna na faɗa ina rubutawa, tun daga sama har na dawo ina durƙuso. Ragaya, mazari, taskira, gammo, sunayen ruwan sama iri-iri tun daga na shuka har na bankwana. Ta dawo cin abinci. Har faɗa ta dawo yi, wanda a wurin Inna shi ne alamar lafiya.

Da ƙofar ta kusa cika, ran nan ta ja jiki ta matso tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa.

"Duk wannan maganata ce?"

"Taki ce, Inna."

"To ai ba a bar magana ba shaida. Ina abin nan da kuke dangwala wa mutane yatsa a ciki?"

Tawadar hatimin makaranta tana cikin jakata. Na buɗe mata, ta danna babban yatsanta na dama a ciki, ta manna shi can ƙasa a kusurwar ƙofar, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Ya fito raɗau, shuɗi, mai faɗi, da wani farin layi ya ratsa tsakiyarsa inda lauje ya taɓa yankarta tana yarinya. Ta kalle shi ta ce, "Kin ga ni nan." Da kaka ta yi Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan, shekara da shekaru, duk safiyar da na buɗe kabad zan ɗauki zane sai na sunkuya na ɗora yatsana a kan nata. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya koma bai sani ba.

Sai shekarar da na ajiye aiki Allah ya kira ni aikin Hajji. Kun san al'adar garin nan, ba a barin alhaji ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Wannan ya yi fenti, wancan ya canja labule, ana gasa ana kallon na maƙwabta. Yayarku, wadda ba na kama sunanta, ita ta shirya komai ta waya daga Kano, Nura ya aiwatar. Na sauka da hantsi, gida cike da 'yan barka, ana ta guɗa, aka riƙo hannuna wai in rufe ido. Na buɗe na ga ɗakin da ban sani ba. Gado kamar na otal, bango ruwan hoda, ga wata ƙatuwar wadrob mai madubi tun daga sama har ƙasa, ina kallonta wata tsohuwa a gajiye tana kallona. Na duba kusurwar da kabad yake. Ko bulon ba su bari ba.

"Ina kabad ɗina?"

"Haba Umma," in ji Yayarku, "wannan tsohon abin? Ai kyankyasai ne kawai a ciki. Kayanki duk ga su nan an jera."

"Na ce ina yake?"

"Ɗanlami dillali muka kira ya kwashe tarkacen," in ji Nura, yana murmushi yana jira a sa masa albarka. "Kyauta ma muka bar masa, don ya yi sauri."

Oh ni Rabi! Tarkace! A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce yatsan uwata yana ciki, da magana ta ƙare a ranar, Nura ya hau babur ya dawo da shi. Amma ku duba inda nake tsaye. Ɗaki cike da matan unguwa, ga malamar Islamiyyarmu a bakin gado tana jiran zamzam da dabino, ni kuma jiya-jiya na baro Ɗakin Allah. In ce ina kuka a kan tabon tawada na wadda ta rasu shekaru masu yawa? Kafin la'asar zance ya zaga Takur cewa Hajiya Rabi ta je Makka ta dawo ba ta samo tawakkali ba. Kunya ta rufe min baki. Na haɗiye abina na zauna ina raba tsaraba, fuskata kuwa kun gan ta, tunda har yau kuna ba da labarinta. Ba kayanku na raina ba, Allah ya yi muku albarka, gadon ma har yanzu a kansa nake kwana.

Da baƙi suka tsagaita na ɗauki jakata na tare adaidaita. Shi Ɗanlamin nan, Allah ya shirye shi, mutum ne da ba ya iya cewa "ban tuna ba". Rumfarsa tana bayan kasuwa, cike da gadajen ƙarfe da fankoki marasa fiffike. Ya ce kabad? Ai ya gane shi sarai, wani tela ne ya ɗauka a hanyar asibiti. Na je, na tarar da teburin guga. Na dawo, ya dafe goshi ya ce af, na wata amarya ne a wajen tasha. Na je na yi sallama gidan mutane, aka shimfiɗa min darduma aka kawo ruwa, aka shigar da ni har ƙuryar ɗaki ina leƙa kabad ɗin baiwar Allah kamar mai binciken sata. Ba shi ba ne. Sati uku ina wannan sintiri, raina a ɓace, ƙafata a kumbure. Amma tunda gaskiya na zauna faɗa, bari in faɗe ta duka: shekarun da na yi a Dutse daga gida sai makaranta, ban san garin ba sai a wannan yawon. Na san mai awarar da ke soya tata da tattasai a gindin wata bishiyar dabino, na san lungun da in ka ɓullo duwatsun nan suke tsaye a gabanka kamar an jera tukwane, na san direban adaidaitan da ke gaishe da kowace akuya da ya kauce wa. Ina tafe ina tsaki, ina kuma kallo.

A sati na uku matar Ɗanlami ce ta ji tausayina, ta leƙo ta bayan rumfa ta ce in bar biye wa mutumin nan, kabad mai karyayyar ƙafa yana gidan Tabawa mai markaɗe. Na isa da safe, tun daga zaure ƙarar inji ta tare ni. Mata sun yi layi da robobin wake da gero, ga Tabawa, wata doguwa mai fara'a, hannunta duk ƙullu. Can ƙarƙashin rumfa kuwa ga kabad ɗina an cika shi da kwanukan masu markaɗe, ƙofar hagu a wangale don ba su san dabarar takarda ba. Kafin in yi magana aka kashe inji za a canja ruwa, sai na ji wata daga cikin matan ta matsa jikin ƙofar tana karantawa da ƙarfi.

"Iya, ga wata. Ragaya."

Wata tsohuwa da ban lura da ita ba, ƙanƙanuwa, a kan tabarma daf da kabad ɗin, ta ɗago kai.

"Ragaya ba ku sani ba? Kai, an yi asarar hatsi a kanku! Igiya ce ake saƙawa a rataye a tsakar ɗaki, a ɗora ƙwaryar nono, kyanwa ta yi ta kallo ba ta isa ba. Ni da hannuna na saƙa ta fi a ƙirga. Karanto ta gaba."

Matan suka sa dariya, ita ma tana yi, bakin ba haƙori ko ɗaya. Na gabatar da kaina, Tabawa ta ja ni gefe ta ba ni kujera. Ta ce surukarta ce, daga wani ƙauye a bayan Jahun mijinta ya ɗauko ta bara. Tun da ta zo ta ɗinke bakinta, ba hira, ba cin kirki, har sun fara tunanin asibiti. Ran da aka kawo kabad ɗin wata ta karanta rubutun don wasa, kawai suka ji tsohuwa ta amsa daga tabarma. Yanzu mata har sammako suke yi don a kashe inji a yi karatun ƙofa. Da na gaya mata kabad ɗin nawa ne, yara ne suka bayar ba da sanina ba, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo Hajiya! Wallahi ba mu sani ba. Yanzun nan a kwashe kwanukan a kira mai kura ya bi ki da shi."

Na tashi na je jikin ƙofar kamar mai duba rubutu, na sunkuya. Yana nan. Shuɗin ya ɗan dushe, amma ga faɗinsa, ga layin laujen. Na ɗora yatsana a kai. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Iya. Ta ji abin da surukarta ta ce, ta daina dariya, ta kama gefen tabarma tana murzawa, bakinta ya koma ya tsuke. Na san wannan tsukewar, shekara guda na yi ina kallonta a ɗakina. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi faɗa. Sati uku ina yawo a rana, na samu abina, ga shi a hannuna, sai kuma a ajiye min wata tsohuwa a gindinsa!

"A bar shi," na ce. "Aro na ba ku. Ranar da Iya ta gama da shi kwa kawo min."

"Hajiya, Allah ya saka da alheri. Akwai abin da za mu kiyaye?"

"Kada a goge rubutun nan."

Iyakar abin da na ce ke nan. Tambaya ta yi min a fili, mace mai hankali, ba malamar Islamiyya a wurin, ba 'yan barka. Kalma biyar ta isa in nuna mata kusurwar. Amma mata sun zuba min ido, ana ta "Hajiya, Hajiya", bakin nan nawa da ya yi shekara talatin yana yi wa 'ya'yan mutane bayani ya ƙi buɗuwa. Na dawo gida hannu biyu, kuka tambaye ni, na ce na fasa. Daga nan kuka samo labarinku na rigimar tsufa.

Duk Alhamis kuka ga na fita da 'yar robar gero wai zan kai markaɗe, alhali ga inji a bakin layinmu, can nake zuwa. Kuma kada ku zaci daɗi kawai nake sha. Matan nan sun samo wani baƙin alƙalami mai kauri suna ƙara kalmomin Iya a ɗaya ƙofar, rubutu kamar tafiyar kaza, layi ya fara a sama ya ƙare a ƙasa. Ƙullu yana fantsama ko'ina. Ita Iya kuwa gardama ce da ita kamar me, sai ta ce abin da Inna ta faɗa ba haka ake cewa a garinsu ba, in ce haka ake cewa a namu, mu yi ta yi har Tabawa ta kunna inji don ta raba mu. Nakan dawo ina mita a adaidaita, Alhamis na zagayowa kuma tun asuba na jiƙa gero. Kafin in tafi kullum sai na yar da wani abu a gindin kabad, in sunkuya ɗauka, in taɓa wurin.

Shekara ɗaya da 'yan watanni Iya ta yi tana karatun ƙofa, sannan ta bi Inna, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Na je gaisuwa, ban ko kalli wajen rumfa ba, don ba ranar wannan ba ce. Bayan an yi addu'ar arba'in, wata safiya na ji ana sallama da mai kura. Tabawa ce da kabad. Kun san mutanenmu, ba a mayar da kayan aro da datti, ba a kuma mayar da shi wayam. Ta sa kafinta ya gyara ƙafar, ya daidaita ƙofar hagu har tana rufuwa da kanta, bayansa an goge yana ƙyalli, a ciki kuma ga kwanon waina da zafinta an rufe da faifai. Aka shigar da shi ɗaki, ta buɗe ƙofar da kanta tana nuna min, fuskarta cike da jin daɗin ta fita kunyata.

"Kin gani Hajiya, rubutunki ko ɗigo ba mu taɓa ba. Da tsumma na bi tsakanin layukan a hankali. Sai wani datti can ƙasa, shuɗi-shuɗi haka, shi ne ya ba ni wahala. Sabulu ya ƙi fitar da shi, sai da na sa soson ƙarfe."

Na sunkuya. Katakon wurin ya yi fari tas, har ya ɗan lotsa.

Me zan ce mata? Matar nan ta bar injinta da masu jiranta, ta durƙusa ta yi ta gurza don ta girmama ni. Na ce Allah ya yi albarka, Allah ya jiƙan Iya, na cika mata kwanonta da dabino na raka ta har zaure. Na dawo na tura ƙofar ɗaki, na yi kukan da ban yi ba ranar da na sauka daga Makka. Yayarku ba ta da laifi, Nura ba shi da laifi sai na littafina, Tabawa kuwa ko kusa. Sau biyu ana ba ni dama in faɗa, sau biyu ina tsoron abin da mata za su ce.

Kabad ɗin yana nan gefen wadrob ɗinku, kun sha cewa ya ɓata tsarin ɗakin, ya ɓata ɗin. Kun kuma sha ganina ina taɓa farin wurin nan kuna cewa Umma na duba ƙura. To yanzu kun sani. Jiya na aika aka sayo min tawadar hatimi, na durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, na dangwala nawa yatsan a gefen inda na Inna yake. Nawa siriri ne, ba shi da layin lauje. Na ɗauki biro na rubuta a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe, yadda ko Nura zai iya karantawa: WANNAN BA DATTI BA NE, UWARKU CE.